Ƙanena zai ajiye aikin banki ya dawo Daura kiwo, Hajiya ta ce in hana shi

Babban Yaya, Daura:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah duk wanda zai yi mini nasiha ya haɗa da lissafi, domin maganar ta ƙunshi duka biyun.

Mu biyu ne maza a ɗakinmu, sai mata uku. Ni ne babba, ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, in ban da shekarar bautar ƙasa ban taɓa zama wani gari ba. Ƙanena kuwa shi ne mai ƙwaƙwalwar gidan tun yana firamare. Ya karanta akanta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya yi bautar ƙasa, Allah ya dafa masa ya samu aiki a wani banki a Abuja. Ranar da takardar ɗaukarsa ta fito sai da Hajiya ta sa aka toya masa aka raba sadaka har layin bayanmu. Yau shekara bakwai kenan, yana da mata da yara biyu, suna haya a Mararaba.

To a ƙaramar Sallar da ta wuce, bayan Isha'i, ya ja ni zaure ya ce, "Yaya, ni fa na gaji. Ƙarshen shekara zan ajiye aikin nan in dawo gida." Na yi dariya, don na ɗauka gajiyar hanya ce ke magana. Sai ya zaro wani ɗan littafi daga aljihu, ya haska da fitilar waya. Shafi bayan shafi duk lissafi ne: kuɗin raguna, harawa, dusa, katanga, rijiyar burtsatse a gonar marigayi Baba da ke hanyar Zango. Wai da damina gero da wake da riɗi, harawar waken ta ciyar da ragunan, takin ragunan ya koma gona. Har da shafin da ya rubuta "in an yi asara" ya ja layi biyu a ƙarƙashi. A nan na gane ba ranar ya fara tunanin ba.

Dalilansa kuwa ga su kamar yadda ya faɗa mini. Kafin kiran sallar farko ya bar gida saboda cunkoson Nyanya, Asuba ma a masallacin kusa da ofis yake yi. Ba ya komawa sai an yi Isha'i, yara sun yi barci. Kowane wata akwai adadin kuɗin ajiya da na sababbin asusu da ake yanka masa ya kawo, wanda bai cika ba kuma ranar Litinin a wurin taro ake tsitsiye shi gaban na ƙasa da shi. Shekararsa talatin da uku amma ƙwayar hawan jini tana cikin jakarsa, na gan ta da idona. Yaransa in Hajiya ta gaishe su ta waya da Turancin buroka suke amsawa. Sannan ya sassauta murya ya ce akwai kuma maganar kuɗin ruwa, wadda tun ranar da ya fara aikin ba ta taɓa barin zuciyarsa ba. Har cewa ya yi ai marigayi Buhari ma da ya sauka a 2023 nan Daura ya dawo wajen shanunsa. Na ce masa shi da fansho ya dawo, kai da me za ka dawo?

Hajiya da ta ji, ko abinci ba ta ci ba a daren. Ta ce aikin da 'ya'yan mutane ke nema da kuka shi zai yi wa riƙon sakainar kashi, kuma duk garin nan ba wanda zai yarda ajiyewa ya yi, cewa za a yi kora ce ko ya taɓa kuɗin mutane. Ta ce ni ne a madadin ubansa, in hana shi, in ya ƙi ta san abin da za ta yi.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yaron nan ni yake kallo yana sha'awa. Wai minti goma na kai ofis a babur, Magariba ina majalisa, ba suna ba jana'izar da ke wuce ni. Bai san cewa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 motata ke jingine a ƙofar gida kaji na kwana ƙarƙashinta ba, kuma kafin ashirin ga wata mai shagon unguwa ya buɗe mini shafi. Albashinsa ya ninka nawa kusan sau uku.

Shin in hana shi kamar yadda Hajiya ta ce, ko in bar shi ya bi abin da ransa ke so? Akwai wanda ya taɓa barin aiki irin wannan ya dawo gida ya ga daidai?

Mai POS, Ƙofar Marusa:

Yaya, don girman Allah in ya tashi ajiyewa ya faɗa musu akwai wani a Katsina da zai karɓa, har da hawan jinin. Na gama digiri, na yi bautar ƙasa, na yi N-Power ana ba mu dubu talatin har aka sallame mu, yanzu ƙarƙashin lema nake da na'urar POS ina jiran mai cire dubu biyu. Ƙanenku bai san zafin zama ba aiki ba ne, shi ya sa. Ranar da ya zauna wata uku waya ba ta yi ƙarar shigowar kuɗi ba, ragunan nan da kansu za su fara yi masa kama da manajansa. A hana shi kawai.

Mai Turka, Mai'aduwa:

Wa alaikumus salam. Ni sana'ar da yake son shiga ita na gada, kuma ita nake ci, to bari in faɗa maka abin da littafin nasa ba zai faɗa masa ba.

Da farko dai ya cire wa ransa cewa hutu zai dawo. Rago bai san Asabar da Lahadi ba. Asubar da yake gudu a Abuja ita zai riƙa tashi a nan, sai dai maimakon sitiyari zai riƙe bokiti. Ga share turke, ga jiƙa dusa da kanwa, ga duba kashin kowane ɗaya don ka gane mai zawo tun bai kwanta ba. Dabbar da ka sayo daga kara ba ka haɗa ta da na gida ranar, sai ka ware ta, ka ba ta maganin tsutsar ciki, a yi mata allura, ka ga yadda take ci. Wanda ya yi ganganci da wannan, mura ɗaya sai ta zagaye garken cikin mako. Kuma in ka bar wa yaro ɗan ƙwadago ka tafi majalisa, dusar da ka auna ta kwana goma a shida za ta ƙare, ragon kuma bai ƙara ko tsoka ba.

Sannan ribar turka ba ranar sayarwa take ba, tana wurin sayen abinci. Mai sayen harawa da ƙowa da kaka, lokacin da ake zubar da su arha a bakin gona, ya ɗora a rumfa, shi ne mai riba. Mai sayen ɗauri ɗaya ɗaya da bazara kuwa, mai harawa yake yi wa kiwo. Irin dabbar ma da magana: balami da uda suna da girma da kuɗi amma cinsu ba wasa, 'yankasa ba ya kai su jiki amma ya fi jure wahala, kuma shi mai ƙaramin ƙarfi ke iya saya ranar layya.

Abin da ya fi duka kuwa, kasuwarmu ba a hannunmu take ba. Mu nan bakin iyaka muke, Kongolam ga ta nan. Da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019 mun gani a jikinmu. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sai a watan Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A 2025 kuma gab da layya hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai da ya juya farashi, wani ya samu, wani ya karye, kuma ba wanda aka yi shawara da shi. Ga shekarar da za ka kai raguna kasuwa masu kallo su fi masu saye yawa, dillali na ta zuga ka ka riƙe, har a sauko daga Idi kana riƙe da igiya. Ragon da ya kwana bayan Sallah kuwa ci zai ci gaba da yi, kuɗinsa na sauka. Noman ma haka: wanda ya sayi takin zamani da tsada ya zo hatsi ya faɗi warwas kamar yadda aka gani a 2025, ka tambaye shi labari.

Duk da haka in ka ce in ba ka garkena ka ba ni kujerar banki, wallahi ba zan karɓa ba. Ni in na yi asara na san inda na yi ta, ba wanda zai tsayar da ni gaban yara ya ci mini fuska. Ina cin abincin rana da iyalina. Kuma Alhamdulillahi ɓangarenmu na Daura da sauƙi ta fuskar tsaro in ka kwatanta da abin da 'yan'uwanmu na Batsari da Safana da Jibiya suka sha, ko da yake ɓarawon akuya ba inda babu shi, katangar nan da ya rubuta kada ya soke ta. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Shawarata: kada ya ajiye aiki ya zo koyo da kuɗin sallama. Ya sayi 'yan kaɗan yanzu yana can, a ɗaure a gida, a yi layya ɗaya da su, ya ɗauki hutunsa na shekara ya zo ya yi wahalarsu da hannunsa. In ya wanke turke sati biyu bai ji ƙyama ba, to a yi magana.

Uwar Biyu, Katsina:

Na karanta tun daga sama har ƙasa, na ji ra'ayin Hajiya, na ji naka, na ji na mai shi, har na ragunan an faɗa. Matarsa fa? Ko ita kaya ce da za a ɗora a bayan mota tare da katifa?

Ina magana ne don ya faru da ni. Maigidana ya bar aikin kamfani a Legas muka dawo Katsina ya buɗe shagon kayan gini. Maza suna ta yi masa barka da dawowa gida, ni kuwa daga gidan da nake ni kaɗai na koma ɗaki ɗaya a gidansu, madafi ɗaya da matan yayyensa, in na dafa nama sai na lissafa bakin mutum goma sha. Ba wanda ya zalunce ni, mutanen kirki ne, amma wanda bai zauna ba ba zai gane ba. Shekarar farko 'yan kunnena na gwal da sarƙa a shagon nan suka narke. Kuɗin makarantar yara sai da muka sauya musu makaranta. Akwai daren da na yi kuka na ce da mun sani.

Yanzu shekara biyar, muna gidan haya namu a Sabuwar Unguwa, ina ɗinki ina haɗa turaren wuta, shagon ya tsaya da ƙafarsa. Mutumin da a Legas in ya dawo ko sallamar kirki ba ya iya amsawa, yanzu shi ke kai yara Islamiyya yana tsokanarsu a hanya. Ba mu da kuɗin da muke da su da, ban kuma ce a koma ba. Amma da an zaunar da ni tun farko an ce ga abin da za ki rasa, ga tsawon lokacin da za ki daure, da wahalar ta zo mini da sauƙi. A tambaye ta, kuma ba a gaban Hajiya ba.

Sai abu na biyu, ka yi haƙuri Yaya, ba rashin kunya ba ce. Ka ce albashinsa ya ninka naka sau uku, ka ce kafin ashirin ga wata ka shiga bashi. To maganin Hajiya wa ke saye? Ƙannenku mata, wa ke biyan kuɗin makarantarsu da kayan ɗakinsu? Buhun shinkafar azumi daga ina yake zuwa? In daga Abuja ne, to ba maganar jin daɗin mutum ɗaya ake ba, gida guda ne ke jingine da bawan Allahn nan, wataƙila ma nauyin yana cikin abin da ya hau masa jini. Ku faɗi wannan a fili a tsakaninku, kada ku ɓoye shi a bayan "me mutane za su ce".

Tsohon Hedimasta, Daura:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka nemi shawara kafin ka yanke.

Kada ka ga laifin mahaifiyarku. Mu mutanen ƙasar nan mun daɗe da ɗaukar albashi a matsayin mutunci. Tun Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta yaye su Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, iyaye suka ga cewa yaron da ya riƙe alƙalami shi ke zama wani abu. A zamaninmu in ka fito kwalejin horon malamai aiki ke jiranka. Ita a wannan duniyar ta tashi, kuma ta ga abin da fari ya yi wa manoma a shekarun 1973 da 1984. In ka ce mata ɗanta zai bar ofis ya koma gona, abin da ta gani take tunawa.

Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa. Cikin waɗanda muka fara tare akwai wanda ya gudu tun a shekara ta uku ya shiga fatauci tsakanin nan da Kano, muna yi masa dariya. Ya gina gidaje, ya kai iyayensa Makka, amma har ya rasu ban taɓa ganin ya zauna ya gama shan shayi ba tare da ya miƙe ba. Akwai wanda ya kai babban sakatare, yau in ka je gidansa shi da mai gadi ne, 'ya'ya duk suna Abuja da Turai. Ni da na tsaya da alli ban tara komai ba, na kuma sha jiran haƙƙina bayan ritaya, sai dai da wuya in shiga asibiti ko ofis a rasa wanda zai miƙe ya ce Malam ga kujera. A cikinmu ukun nan ban isa in ce maka ga wanda ya dace ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wadata ba yawan dukiya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci. Amma bai ce a bar iyali da yunwa ba, kuma mai POS da ya yi magana a sama shi ma gaskiyarsa ya faɗa.

Game da hani, ba na ganin za ka iya. Mai shekara talatin da uku da 'ya'ya biyu ba a hana shi, sai dai a ja shi a jiki. In ka matsa, zai zauna don kunyarka, duk ranar da jikinsa ya ba shi matsala kuma kai za a kalla. Abin da ke kanka shi ne kada ya fita cikin fushi, kada kuma ya fita ba da yardar mahaifiya ba, don kiwon da uwa ke kuka a kansa ban ga inda zai je ba. Ku nemi wanda take jin nauyi, kawunku ko wata gwaggo, a bi ta da lallashi, a nuna mata ƙwayar maganin nan. Uwa ce, tsakanin surutun unguwa da lafiyar ɗanta ta san wanda za ta zaɓa. Shi kuma ya yi istihara.

Sannan hanya ba biyu ce kawai ba. In kuɗin ruwa ne ke damunsa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da TAJ, ya gwada nema, ko ya nemi a mayar da shi reshen Katsina ko Kano inda zai riƙa kwana kusa da gonar. Ya kuma sani, a dokar fansho ta 2014, wanda bai kai hamsin ba in ya bar aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, kashi ashirin da biyar cikin ɗari kawai na abin da ke asusunsa zai iya cira. Kada ya sa sauran a lissafin jari.

Babban Yaya, Daura:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma da lafiya. Mai POS, na isar da saƙonka, ya ce in gaya maka har jakar maganin zai haɗa maka.

Uwar Biyu, maganarki ta yi zafi amma haka abin yake. Maganin sukarin Hajiya shi ke saye duk wata, autarmu da ke Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Katsina shi ke biya mata, azumi ma shi ne. Ban ga abin kunya ba in na ce ina tsoron ranar da wannan zai dawo kaina, don na san abin da ke aljihuna. Jiya da dare na kira shi na faɗa masa haka ƙarara. Ya yi shiru, sannan ya ce wannan shafin ne kaɗai babu a littafinsa, wai yana jin nauyin ya rubuta mahaifiyarsa a layin kashe kuɗi. Mun yi kusan awa muna lissafi, a ƙarshe dai ya yarda ba zai taɓa takardar ajiye aiki ba sai auta ta gama, saura shekara ɗaya da rabi, kuma zai nemi canjin wurin aiki kafin nan.

Matarsa kuma na sa uwargidana ta kira ta. Ashe ita ta fi shi son dawowa, ta gaji da zaman Mararaba ba dangi, amma ta ce da sharaɗi: ba za ta zauna gidan gado ba, ko ɗaki biyu ne a kama musu haya. Wannan ban san ta inda zan fara faɗa wa Hajiya ba, don ɗakin da ta gyara masa tun aurensa har yau a kulle yake tana jira. Kawu zai zo ranar Juma'a, da shi za mu shiga wajenta.

Gwajin da Mai Turka ya kawo shi za mu yi. Zai turo kuɗin raguna shida, a ɗaure a bayan gidana, babban ɗana ya riƙa kula da su bayan makaranta, shi kuma ya zo da hutunsa ya karɓa. Mai Turka, don Allah ƙara mini haske: ga wanda zai fara da shida, 'yankasa za mu saya duka ko a sa uda biyu a ciki? Kuma wata nawa kafin layya ya kamata a ɗaure su, tunda harawar bana mun riga mun makara?